Yadda Isha'aku Mai Labule Ya Zama Hankaka

A layin masu ɗinki na Bani Malik kowa ya san cewa Isha'aku mai labule ya taɓa ɗinka wa wani otal labule mai kaurin gaske, har baƙin otal ɗin suka yi ta barci ba su san gari ya waye ba sai da aka kira 'yan kwana-kwana. Kowa ya sani, domin shi da bakinsa yake faɗa. Otal ɗin ne dai har yau ba a gano inda yake ba.

Mutumin Damagaram ne. Ya zo Jidda da ƙuruciyarsa, ya samu kafili mai tsaya masa, ya samu iƙama, takardar zama, ya samu ɗan shago. Mata ce kawai ya kasa riƙewa. Ta farkon ta tafi ganin gida, tana can tana gani har yanzu.

Sai ya je ɗaura labule a wani gida a Madain Fahd, ya ga Mastura. Haifaffiyar Jidda ce, malamar makarantar yara, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya. Aikin da bai wuce na safiya ɗaya ba, Isha'aku ya yi ta komawa a kansa: yau ƙusa ta karkace, gobe labulen hagu ya fi na dama tsawo. Da tagogin gidan suka ƙare, sai ya fito da maganarsa.

Mastura ta saurare shi har ya kai aya, abin da ba kowa ke iyawa ba.

Ta ce, "Mu'allim Isha'aku, ni ba ni da matsala. Surutunka ma yana ɗebe kewa. Amma ba ni kaɗai ba ce a gidan nan. Idan Wejdan ta yarda, bismillah. Idan ta ce a'a, halas, kada in sake ganinka ko da ƙusa a hannu."

"Wejdan? Yarinya ce fa! Ni da na taɓa shawo kan raƙumin da ya ƙi hawa mota a Agadas?"

"Wejdan ba raƙumi ba ce."

Wejdan shekararta goma sha uku. Tana jin Hausa sarai, amma idan za ta mayar da amsa sai Larabci ya riga fita. Isha'aku bai taɓa ganin fuskarta cikakkiya ba, domin kullum rabinta na bayan littafi. Littafin zane ne na Japanawa, irin na 'yan mata, wanda ita da ƙawayenta ke kira Gimbiyar Hasumiyar Gishiri. An mayar da shi katun ana sakinsa kashi-kashi, kuma ranar da sabon kashi ya fito, ko kakarta Hajiya Lubabatu ba ta isa ta aike ta ɗebo ruwa ba. Hoton gimbiyar na jikin jakarta, na jikin kofinta, na jikin ƙofar ɗakinta.

Isha'aku ya ce wa maƙwabcinsa Abdulghaffar, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, "Na gano ƙofar. Yarinyar nan cikin littafi take zaune. To, ta littafin zan shiga in same ta."

Abdulghaffar, wanda kakansa ne ya zo hajji a ƙafa bai koma ba, mutum ne mai son kallon abin da zai faru. Ya rufe shago ya raka shi.

A kantin littattafai mai sayarwa ya ciro musu wani ƙaton littafi mai ɗauke da labarin tun daga farko har ƙarshe. Ya ce akwai fassarar Larabci, akwai kuma na asali.

Isha'aku ya ce, "Fassara ta masu koyo ce. Ba ni na asalin."

Abdulghaffar ya ce, "Ya shekh, kana jin Japananci ne?"

"Keken ɗinkina na Japan ne. Tun kafin ka yi gemu muke tare. Idan ya yi tari na san abin da yake nufi."

Da suka dawo shago Isha'aku ya share tebur, ya ajiye littafin, ya juya shi, ya sake juyawa.

Abdulghaffar ya ce, "Ga bangon mai hoto nan. Kamar ta nan ake buɗewa, irin littattafanmu."

"Kuskuren masu ɗab'i ne. Larabci da ajami ne kawai ke tafiya daga dama. Duk mutanen da suka iya ƙera mota daga hagu suke karatu. Ni fa na yi lakwal."

"Har aji nawa?"

"Ba a tambayar babba wannan."

Japanawa dai daga dama suke buɗe littafinsu, kamar Larabawa. Shafin da Isha'aku ya fara da shi, shi ne na ƙarshe.

Rubutun ya sauko daga sama zuwa ƙasa kamar tururuwa a jikin bango, don haka ya ƙyale shi ya bi hotuna. Yana buɗawa yana yi wa Abdulghaffar tafsiri.

"Wala! Ga jarumin. Ka gan shi cikin teku, dogo, gashinsa shuɗi mai ja-ja, alkyabbarsa ta gashin hankaka. Dubi nan, ya fito daga ruwan ya tashi sama har kan dutse. Ka taɓa ganin mutum ya faɗo sama?"

"Ban taɓa ba."

"To, waliyyi ne. Ga shi nan azzalumai sun ɗaure shi da igiya. Buɗe gaba. Ka gani? Babu igiya. Ya tsinka ta."

"Wannan yaron mai kunnen dila fa, da ke riƙe da hannun yarinyar?"

"Ɗan iska ne. Dubi yadda yake kallon 'yar mutane, idanu kamar faranti, furanni na zuba a bayansa. Ka bar shi, za ka ga ƙarshensa."

Suka ci gaba. Ga gimbiya a kulle cikin farar hasumiya tana kuka. Ga mai gashin hankaka a bakin ƙofa da mabuɗi a hannu. Shafi na gaba, ga gimbiya a waje. Ga kambin sarauta a hannunsa, shafi na gaba ga shi a kanta. Yaron mai kunnen dila kuwa sai raguwa yake yi: ya saki hannunta, ya daina zuwa, daga baya ya koma dila sosai mai ƙafa huɗu, ya shige daji ba a ƙara ganinsa ba.

Isha'aku ya buga tebur. "Japanawa suna da tarbiyya!"

A shafin da ya ɗauka na ƙarshe ne, sai ga gagarumin biki. Mai gashin hankaka yana tsaye kusa da sarauniya, uwar gimbiya, ana watsa musu furanni. Gimbiya na gefe, hawaye na kwarara har ƙasa.

Isha'aku ya ƙura wa shafin ido. Idonsa ya ciko.

"Abdulghaffar, ka ga abin da yarinyar nan take karantawa dare da rana? Labarin mutumin kirki ne da ya auri uwar marainiya. Dubi kukan daɗin da take yi. Ashe uba take nema, kunya ta hana ta faɗa."

"Mutumin kirkin ne da waɗannan haƙora?"

"Murmushi ne. Kai ba ka san zane ba."

A makon ne dangin Mastura suka kama istiraha, irin gidan shaƙatawar nan da ake haya a bayan gari, don ranar Alhamis. Yara sun gama jarrabawa, kuma a ranar za a saki kashin ƙarshe na katun ɗin. 'Yan mata za su yi shigar mutanen labarin su kalla tare. Mastura ta roƙi Isha'aku ya ƙawata musu tsakar gidan da labule. Ya ce ba ƙawatawa kaɗai ba, ta zuba ido.

Ranar Talata, Wejdan tana cin abinci, littafi a jingine da kwalbar ruwa, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Ummi, wannan Ammu mai labule."

"Me ya yi?"

"Miskin ne. Yana magana da yawa, kasir, amma bai taɓa ce mini in ajiye littafi ba. Kuma yana sa ki dariya. Halas, na yarda."

Mastura ta ajiye cokali. "Da gaske, habibti?"

"Ni dai abu ɗaya nake tsoro. Kada ya zama kamar Hankaka."

"Wane ne kuma Hankaka?"

"Mugun da ya auri maman gimbiya, ya ƙwace kambinta, ya kulle ta. Wallahi har mafarkinsa nake yi. Amma Ammu Isha'aku ba zai iya ba. Ko kyanwa ba ta tsoronsa."

Mastura ta ɗauki waya nan take.

"Mu'allim Isha'aku, ina da magana a kan Wejdan."

"Kada ki ce komai, Ummu Wejdan! Na san komai."

"Ka sani?"

"Na san abin da ke zuciyarta fiye da ke da kika haife ta. Ki bari sai Alhamis."

"Amma ai ta riga..."

"Alhamis!" Ya kashe waya, domin tukunyar rini na tafasa.

Shagon Isha'aku ya koma wani abu dabam. Ya je wurin masu yankan kaji ya kwaso gashi buhu guda, ya rina shi baƙi da rinin yadi, ya shanya a bakin titi. Ya manna shi a jikin ragowar baƙin labule, ya zama alkyabba mai fukafukai. Ya tsinke gezar wani labulen majalisi shuɗi mai ja-ja ya ɗinka gashin kai wanda ya sauko har gadon baya. Da ya lura idanun mutanen littafin sun kai rabin fuska, sai ya zana manyan idanu a kan farantan takarda biyu, ya huda 'yan ƙananan ramuka, ya liƙa su a kan tsohon tabarau.

Gashin kajin bai wanku sosai ba. Kyanwoyin Bani Malik, waɗanda ba su da iyaka, suka fara taruwa. Da farko biyu ne a bakin ƙofa. Kafin la'asar sun cika matakala, sun hau rumfa, kowace ta zauna tana kallonsa cikin ladabi.

Mai shayin layin ya leƙo ya ce, "Isha'aku, sana'a ka canza?"

"Sirri ne na ƙasa da ƙasa."

"Sirrin yana wari fa."

Wata tsohuwa da ta zo karɓar labulenta ta tarar da shi yana gwada idanun. Ta ja da baya tana karanta Ayatul Kursiyyu, ta tafi ba ta karɓa ba.

Saura shigowa. Isha'aku ya ce jarumin daga teku ya fito, amma wannan shafin zai tsallake shi, kada gashi ya jiƙe. Daga sama zai sauko. Yana da injin jan labule mai rimot, irin na manyan zaure, da dogon ƙarfen da labulen ke gudu a kai.

Abdulghaffar ya ce, "Injin nan labule aka yi shi ya ja. Kai kuwa ka ga tumbinka?"

"Ya ja labulen otal."

"Wane otal?"

"Kai dai riƙe rimot. Wannan maɓallin gaba, wannan baya. Ko jariri zai iya."

"Mun gwada?"

"Na gwada da matashin kai. Ya tafi kamar jirgi."

Ranar Alhamis da safe ya je istiraha ya yi aikinsa, kuma a gaskiya ya yi kyau. Katanga ce ta raba ɓangaren maza da tsakar gidan mata. A tsakar gidan akwai ɗan tafkin iyo, masbah, sai rumfa a ƙetarensa inda aka ajiye babban talabijin. Ɗan ɗakin canza kaya da ke gefe ya lulluɓe shi da farin labule har sama, ya zama hasumiyar gishiri. Sai ya kafa ƙarfensa daga kan katanga, ya ratsa saman masbah, ya sauka a rumfa. Mastura ta tambayi amfaninsa, ya ce na ƙawa ne.

Da yamma ya sa kayan tun daga shago. Fukafukan suka ƙi shiga gaban motar Abdulghaffar, dole ya zauna a baya tare da tsofaffin na'urori. Zafin Jidda da gumin teku suka yi aikinsu. Kafin su fita Bani Malik rinin ya fara sauka ta wuyansa, ta hannuwansa, har cikin takalmi. Kyanwoyi uku sun riga sun hau motar. A wurin danja wani yaro a motar gefe ya fashe da kuka, ubansa ya ɗaga gilashi. Hankakin gari na gaske suka bi su a sama suna ihu, kamar sun ga ɗan'uwa a hannun hukuma.

Isha'aku ya ce, "Ka ji? Sun san sarkinsu."

A ɓangaren maza, kawunnan Wejdan na shan gahawa lokacin da abin ya shigo. Babban kawun ya tsaya da kofi a hannu.

"Abdulghaffar, esh hada?"

"Surukinku ne, in sha Allahu."

Aka jingina tsani. Isha'aku ya hau katanga ya laɓe bayan labule, ya ɗaura igiya a ƙugunsa, ya maƙala ta a ƙugiyar injin. A hannunsa akwai kambi da ya haɗa da zobban labule na ruwan zinariya. Ta ramukan idanun ba ya ganin komai sai ɗigon haske biyu.

A tsakar gida 'yan mata sun cika rumfa. Wejdan na gaba cikin farar riga, da kambin da ta yi wata guda tana jera masa duwatsu. Aminiyarta Razan ta sa kunnuwan dila da jela, ita ce yariman labarin. Iyaye mata na baya da shayi da dabino, Hajiya Lubabatu a kan kujerar roba da sandarta. A talabijin an kai ƙarshen ƙarshe. Yarima mai kunnen dila ya ɗaure Hankaka, ya tura shi daga kan dutse, Hankaka ya faɗa teku. 'Yan mata suka miƙe da ihu da tafi, wasu na rungume juna suna kuka.

Isha'aku ya ce, "Ka ji murna? Mutumina suka gani. Danna!"

Abdulghaffar ya danna.

Injin ya yi wani nishi irin na tsohon jaki. Labule ya buɗe, Isha'aku ya fito a rataye, ƙafafu na lilo, gashin kaza na zuba. Ya tafi kaɗan, ya tsaya, ya juya baya ga jama'a, ya sake tafiya. Tafin ya mutu. Yaran da suka ga an binne Hankaka a teku yanzun nan suka ga shi yana tahowa ta saman masbah yana ɗiga baƙin ruwa.

Wata ƙarama ta ce, "Ya dawo."

Ihun da ya biyo baya sai da aka ji shi a istirahar maƙwabta.

Injin ya tuna da aikinsa, ya kwasa da gudu, ya zubar da shi a bakin rumfa a kan tiren dabino. Ya miƙe, ya buɗe fukafukai, ya nufi inuwar da ya ɗauka Mastura ce, ya durƙusa da gwiwa ɗaya.

"Ya sarauniya! Na ƙetare teku domin in aure ki!"

Hajiya Lubabatu ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Ni? Kai, wace irin halitta ce wannan? A'uzu billahi! Mastura, aljanin nan da Hausar Damagaram yake magana."

"Inna, ni ne, Isha'aku."

"Mai labule? Ubanka ma bai isa ya aure ni ba, bare kai da ka zo a kaza!"

Sanda ta sauka a kan gashin geza. Isha'aku ya juya da sauri yana lalube.

"Ina gimbiya? Wejdan, 'yata! Ni ne mijin uwarki!"

Wejdan ta daskare a tsaye. Ya laluba ya taɓa kanta, ya ji akwai kambi a wurin da ya shirya ɗora nasa. Littafin bai nuna haka ba. Ya yanke shawarar cire wancan tukuna. Ya ɗaga shi sama, duwatsun suka zube suna tsalle a kan tayil.

Razan ta yi ƙara, "Ya ƙwace kambin! Kamar kashi na uku!"

Wejdan ta kwasa da gudu ta faɗa ɗakin canza kaya ta ja ƙofa. Isha'aku ya ji daɗi ƙwarai. Yarinyar ta san labarin, ta shiga hasumiya don ya fito da ita. Ya bi ta, igiyar ƙugunsa na jan ƙasa, ya laluba ya samu mabuɗi a jikin ƙofar ta waje.

"Kada ki ji tsoro, ga ubanki ya zo!"

Ya murɗa. Ƙofar da ma a buɗe take, yanzu ta kulle. Ya sake murɗawa da ƙarfi, mabuɗin ya karye a ciki.

Daga ciki Wejdan ta buga ƙofa. "Ummi! Ummi! Ya kulle ni!"

Mastura ta ce, "Isha'aku, ka haukace ne? Cire abin nan daga fuskarka!"

"Ummu Wejdan, ki kwantar da hankali, haka yake a littafi."

Razan ta gyara kunnuwanta. Ta kalli kashin ƙarshe yanzun nan, ta san abin da ake yi. "Ya banat, igiya! Yalla!"

Igiyoyin ɗaure labule na ko'ina, shi da kansa ya kawo su, masu kauri, masu tuntu. 'Yan mata suka yi masa rubdugu. Ta ɗan ramin ido ya hango kunnuwa biyu masu tsini.

"Kai ne ɗan iskan nan! Ba ka koma daji ba? Sakar mini hannu! Wa ya ba ka izinin bin 'yar mutane?"

Uwar Razan ta taso. "Wa kake kira ɗan iska? 'Yata ce!"

"Dila ne, Hajiya, ki duba da kyau!"

Ta duba da kyau, ta cire takalmi. Kafin a jima an naɗe shi tun daga kafaɗa har gwiwa, tuntaye na reto, kamar labulen da aka tattara gefe ɗaya don a share ɗaki. Kyanwoyin da suka biyo mota, da waɗanda suka tarar a unguwar, suka ga abin ya daina motsi, suka matso.

A bayan katanga Abdulghaffar na jin ihun abokinsa. Babban kawu ya ce, "Ya shekh, fito da mutuminka kafin matan nan su kashe shi." Abdulghaffar ya danna maɓallin baya.

Igiyar ƙugu ta miƙe. Isha'aku ya tafi da baya, dugadugansa na jan tayil, ya tashi sama da kyanwa ɗaya a kafaɗa. A daidai tsakiyar masbah injin ya yi tari, ya yi hayaƙi, ya tsaya. Ƙarfen ya fara lanƙwasa a hankali, cikin natsuwa, har kowa ya samu lokacin ciro waya.

Isha'aku ya ce, "Abdulghaffar, gaba!"

"Na danna!"

"To, baya!"

"Ya mutu, ya shekh!"

Kyanwar ta yi tsalle ta tsira. Isha'aku ya faɗa.

Ruwan bai wuce ƙirji ba, amma nan da nan ya koma baƙi, sa'an nan shuɗi mai ja-ja ya biyo baya. Gashin kaza ya rufe samansa. Idanun takarda biyu suka taso suna yawo, suna kallon sama. 'Yan mata suka sake yin tafi, wanda ya fi na farko.

Mata suka ja mayafi, maza suka shigo. Abdulghaffar ya kwance ƙofar hasumiya da sukuddireba. Wejdan ta fito, fuska a jiƙe, ta tsaya a bakin masbah inda kawunnanta ke warware igiyoyi daga jikin Isha'aku da sandar kwashe shara.

"Ammu Isha'aku. Lesh? Me na yi maka?"

Ya tofar da gashin kaza. "'Yata, jaruminki na zama. Mutumin kirkin da ya fito daga teku, ya buɗe hasumiya, ya kori dila, ya auri uwar. Na karanta littafin gaba ɗaya, na asali ma. Abdulghaffar, ɗauko shi a mota!"

Aka kawo littafin. Isha'aku ya nuna da haɓa. "Buɗe nan, shafin farko. Ga ni cikin ruwa."

Wejdan ta dubi shafin. Ta dubi Isha'aku. Ta rufe littafin, ta juya shi, ta buɗe daga dama, ta ɗaga yadda kowa zai gani. Ga biki, ga gimbiya na kuka. Ta buɗa: ya cire kambi. Ta buɗa: ya kulle hasumiya. Ta buɗa: an ɗaure shi. Ta buɗa na ƙarshe: teku.

Babban kawu ya bi shafukan da ido, ya bi duwatsun da ke ƙasa, da ƙofar da aka kwance, da igiyoyi, da masbah.

Ya ce, "Ma sha Allah. Bai tsallake ko shafi ɗaya ba."

Dariyar ta fara daga maza ta ƙetara wurin mata. Mastura ce kawai ba ta yi ba.

Ta ce, "Mu'allim Isha'aku, ka tuna na kira ka ranar Talata?"

"Na tuna."

"Wejdan ta riga ta yarda. Abin da na kira in gaya maka ke nan. Da yau ka zo da farar riga ka sha gahawa da yayyena, da an sa rana."

Isha'aku ya buɗe baki. 

Mastura ta juya ga 'yarta. "Yanzu fa, habibti?"

Wejdan ta tsugunna ta tsinci dutse ɗaya na kambinta, ta share shi a jikin riga.

"La', Ummi. A'a. Da Hausa da Larabci."

"Ka ji. Halas. Ko da ƙusa."

Isha'aku ya tsaya cikin baƙin ruwa, geza ta manne masa a fuska. Ya dubi littafin a hannun Wejdan, har yanzu a buɗe a shafin teku. Ya dubi ruwan da ke ƙirjinsa. Sannu a hankali fuskarsa ta washe.

"Tsaya! Jama'a, ku tsaya! Ina nake yanzu? Cikin teku. To, a karatuna ai nan ne shafin farko! Daga nan sai fitowa, sai buɗe ƙofa, sai kambi, sai biki. Wala! Yanzu ma labarin ya fara!"

Ya kama bakin masbah, ya ɗora gwiwa ɗaya, ya fara tasowa yana zubar da rini.

Hajiya Lubabatu ta taso daga kujerarta, ta tako a hankali har gabansa. Ta ɗora kan sandarta a tsakiyar goshinsa.

"Ɗan nan, a gidanmu daga dama muke karatu."

Ta tura.